Yadda ake horar da ma'aikata da riƙe zumunci a ofishin gwajin magungunan kansa

Ofishin gwajin magungunan kansa, wato ciwon daji, a jami'a ko asibitin koyarwa yawanci ba wani babban waje ba ne, ɗaki biyu ko uku ne da kabad mai makulli da firiza da kwamfutoci, amma nauyin da ke wuyan mutanen cikinsa ba ƙarami ba ne, don marar lafiya ne ya ba su amanar jikinsa a kan maganin da ba a gama sanin halinsa ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna sama da mutum 120,000 ke kamuwa da kansa a Najeriya a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa, ta mama ce kan gaba. Mu nan Gombe muna gani, yawanci sai ciwo ya ci jiki sannan ake kawo mutum. Wannan rubutun na waɗanda aka ɗora wa irin wannan ofis ne ko suke shirin buɗe shi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ne ko na ATBU a Bauchi ko wani wurin. Ni a ganina horo da zaman tare ba su rabuwa, ofishin da ƙaramin ma'aikaci ke tsoron buɗe baki ko satifiket nawa aka tara a ciki ba a koyi aiki ba.

Mataki na 1: ku fara gaya wa sabon ma'aikaci dalilin dokokin

Kafin ku zaunar da shi gaban kwamfuta ku ba shi labarin Kano. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa da yara 200, 11 suka rasu wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 an yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labarin yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. To duk dattijon da zai zauna gabanku daga Dukku ko Kaltungo ku ɗauka ya ji labarin ko da bai san sunan maganin ba. In ma'aikaci ya gane wannan shi kenan ba zai ga cike-ciken fom a matsayin wahalarwa ba. Daga nan sai ku nuna masa su wa ke sa ido: kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, da NHREC, wato kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa mai kundin ƙa'idoji tun 2007, da NAFDAC wadda ba a fara gwajin magani sai da izininta.

Mataki na 2: satifiket da fayil

Kowa sai ya yi kwas ɗin GCP, ƙa'idojin gudanar da gwaji na duniya ke nan, sun fara fitowa a 1996, aka gyara a 2016, sabon gyara ya fito a 2025, saboda haka wanda ya yi nasa tun da daɗewa ya sake. Akwai na kyauta a intanet, TRREE da Global Health Network duk suna bayarwa, kuma yawancin masu ɗaukar nauyin bincike suna so a sabunta bayan shekara 2 ko 3. Shawarata kar ku ce kowa ya je gida ya yi da datarsa, wani zai danna-danna ne kawai ya ciro takarda. Ku ware rana ku zauna ɗaki ɗaya, a karanta a tsaya a yi gardama.

Sai a buɗe wa kowa fayil: takardar tarihin aikinsa da ya sa wa hannu, lasisinsa, satifiket, da rajistar horon da ya samu. Akwai kuma takardar rabon aiki wadda babban mai bincike ke sa wa hannu, duk aikin da ba a rubuta wa mutum a ciki ba kar ya taɓa shi ko da ya iya. Direba da masinja da mai shara su ma a zauna da su a kan riƙe sirri, don su ne ke ganin wa ya shigo wa ya fita.

Mataki na 3: neman yardar marar lafiya, nan za ku fi daɗewa

Sabon ma'aikaci ya fara da kallo, sannan ya yi a gaban wanda ya iya, sai an gamsu a bar shi shi kaɗai. Amma kafin ya tunkari marar lafiya na gaske a yi ta gwadawa a ofis, wata ta zama tsohuwar da aka kawo daga Nafada ba ta jin Hausa sosai sai Fulatanci, wani ya zama mijin da ya ce shi zai sa hannu ba matar ba, wani ya zama ɗan boko mai tambaya ɗari. Takardar yarda a fassara ta, kwamitin ɗa'a ya amince da fassarar, kuma a Gombe Hausa kaɗai ba ta isa ba, ku san wa za ku kira in mai Tangale ne ko Tera ko Waja.

Abin da ya fi wuyar bayani shi ne ba likita ne zai zaɓa wa marar lafiya rukunin da za ta shiga ba, kwamfuta ce ke rabawa kamar ƙuri'a, tana iya samun sabon maganin tana iya samun wanda aka saba bayarwa. Sai kuma a faɗa mata ƙarara cewa in ta ƙi shiga ba abin da zai taɓa kulawar da ake ba ta, in ta shiga ma ranar da ta ga dama ta fita. Mutanenmu akwai kara, za ka ji an ce "duk yadda kuka gani likita, ku kuka sani." Wannan ba yarda ba ce, kar a karɓa. A koya wa ma'aikaci ya ce "Mama, don Allah maimaita min abin da kika ji na faɗa, in kin koma gida me za ki gaya wa yaranki?" A nan ake gane ko bayani ya shiga. In ba ta iya karatu ba dole a samu shaida wanda ba ya cikin ma'aikatan binciken, ya ji komai da kunnensa, ita ta dangwala shi ya sa hannu, a ba ta kwafi ta tafi da shi.

Maganar miji kuma kar a yi faɗa da al'ada, a kira shi a yi masa bayani cikin girmamawa, a ba su kwana ɗaya ko biyu su yi shawara da dangi, amma a nemi wani lokaci da za a tambaye ta ita kaɗai, kuma hannunta ne zai hau takarda. Sannan a yi hattara da maganar kuɗin mota da gwajin jini kyauta, wanda ya sayar da akuyoyinsa don kemo, wato maganin kansa da ake yi a asibiti, in ka fara masa da "kyauta ne" ba zai ƙara jin sauran bayanin ba. A fara da haɗarin, kyautar ta zo daga baya.

Mataki na 4: darasin mako-mako

Minti 30 zuwa 40 ya isa, rana ɗaya tsayayya wadda ba ta asibitin ganin marasa lafiya ba, kuma a riƙa zagayawa, kowa da ranar da zai koyar. Nas ta koyar da yadda ake auna illar magani daga mataki na 1 zuwa na 5, da cewa babbar illa irin wadda ta kai ga kwantarwa ko rasuwa cikin awa 24 ake sanar da masu ɗaukar nauyin binciken, ko ranar Sallah ce. Mai shigar da bayanai ya nuna yadda ake gyara kuskure a takarda, layi ɗaya ake ja yadda tsohon rubutun zai karantu, a rubuta daidai a gefe a sa harufan suna da kwanan wata, ba tifes ba gogewa. Mai kula da magani ya yi bayanin firij da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8 da firizar samfuri mai digiri 80 ƙasa da sifili, kuma wata rana a yi atisaye na gaske: an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare ana zafin Afrilu, janareto ya ƙi tashi, wa za a kira, makulli na hannun wa, ina za a kai kayan. Farfesa ma ya zo ya zauna ɗan lab ya koyar da shi, wallahi wannan zaman kaɗai yana canza ofis. A rubuta sunan duk wanda ya halarta, in monita, wato mai duba aiki da masu ɗaukar nauyin binciken ke turowa, ya zo zai tambaya.

Mataki na 5: a sauƙaƙa faɗin kuskure

Za a ɗebi jini a ranar da ba ita ba, za a yi amfani da tsohon fom bayan sabo ya fito, wannan ba makawa. Wanda aka faɗa da wuri ana rubuta shi a sanar a gyara, wanda aka ɓoye shi ke jawo sauya kwanan wata da ƙarya a takarda, kuma shi ke rushe bincike gaba ɗaya. To duk abin yana hannun oga. In yarinya ta zo ta ce "ranka ya daɗe na yi kuskure" ka yi mata tsawa gaban mutane, ka sani ba za ta sake zuwa ba, waɗanda suka gani ma haka. A ja ta gefe, a yi mata godiya da ta faɗa, a mitin kuma a tattauna abin da ya faru ba tare da kama suna ba, a duba ko tsarin aikin ne ya jawo.

Mataki na 6: zaman tare

Ku samu tabarma ko teburi ɗaya da ake cin abinci tare, ko masa ce da shayi sau ɗaya a mako. Ku buɗe asusun gudummawa, kowa daidai ƙarfinsa, a sa mutum biyu su riƙe, don suna da biki da rashin lafiya da ta'aziyya. Jadawalin aiki a tsara shi da sanin Juma'a da Lahadi, Kiristoci su riƙe ofis da Sallah Musulmi su riƙe da Kirsimeti, abu ne da mutanen Gombe suka saba da shi, a rubuta shi kawai tun farkon shekara. Da azumi a matso da ganin marasa lafiya zuwa safiya, kuma maganar mai shan magani ko zai yi azumi likita ne zai zauna da shi tun kafin wata ya kama.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. A wannan aikin kana ganin mutum duk bayan mako uku har ka san sunan 'ya'yansa, sai wata rana a bugo a ce Allah Ya yi masa rasuwa, kai kuma fom ne a gabanka da dole ka cike kafin awa 24. Ma'aikata suna komawa gida da wannan a zuciya. A riƙa tsayawa ko na minti goma ne a yi masa addu'a kowa bisa addininsa, wadda ta fi shaƙuwa da shi a bar ta ta huta ranar. In za a je gaisuwa mutum biyu su je a matsayin 'yan asibiti, ba da motar ofis mai tambari ba, don wataƙila dangi ba su san ciwon da ya yi ba.

Sai adalci, wanda in babu shi cin abinci tare ba ya gyara komai. Yawancin ma'aikatan bincike 'yan kwantiragi ne, in albashi zai makara a gaya musu gaskiya tun da wuri. Tafiya taro Abuja ko waje a riƙa juyawa, wanda ya sha wahalar aiki a duba haƙƙinsa in an zo sa sunaye a takardar da za a wallafa. Guruf ɗin WhatsApp a yi biyu, na aiki da na zumunci, kuma duka biyun ba sunan marar lafiya ba hotonsa ba sakamakonsa, lambarsa ta bincike kawai, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta hau kanku.

Mataki na 7: ku fita cikin gari

Ku kafa ƙaramin kwamitin shawara na mutanen gari, limami da fasto da mai unguwa da ungozoma da wadda ta yi jinyar kansa ta samu sauƙi, har da mai maganin gargajiya in ya yarda, don wajensa ake fara zuwa. Ku karanta musu takardar yarda kafin a fara aiki da ita, su za su gaya muku inda ba a ganewa. Ranar 4 ga Fabrairu ta kansa ce ta duniya, 20 ga Mayu ta gwajin magunguna, Oktoba watan kansar mama, ku shiga rediyo ku je makarantu, a nan ma za ku sha tambaya kan rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023. In bincike ya ƙare ku koma ku faɗi abin da aka samu, ko da maganin bai yi aiki ba.

Mataki na 8: shirin tafiyar ma'aikaci

Mutane za su tafi, mai bautar ƙasa zai gama, likita zai wuce ƙaro karatu, nas za ta samu aiki a Saudiyya ko Ingila. Saboda haka kowane aiki mutum biyu su iya shi, kuma a rubuta yadda ake yinsa a takardar da ke ofis ba a wayar mutum ɗaya ba. Mai tafiya ya ba da wata guda yana aiki tare da magajinsa, ya gabatar da shi ga marasa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya da bakinsa. Ranar ƙarshe a karɓi makulli, a rufe masa shiga kwamfuta, babban mai bincike ya sa ranar da ya daina aiki a takardar rabon aiki, sannan a yi masa walima a kuma bar shi a guruf ɗin zumunci, don za ku nemi shi da tambaya.