Yadda ake rage asarar memori wajen lissafin girman bafa a kanel ɗin Linux

Yaranmu da ke koyon rubuta direba (manhajar da ke haɗa na'ura da kanel, wato zuciyar Linux) a Yaba, da masu taɓa rauta da ƙananan na'urori a Computer Village da ke Ikeja, kusan duk rami ɗaya suke faɗawa. Mutum zai zauna ya lissafa girman bafarsa (wurin ajiye bayanai na ɗan lokaci a memori) da kyau, ya kira kmalloc don kanel ya yanka masa memorin, komai ya tashi lafiya, sai bayan kwana biyu na'ura mai RAM megabayit 128 ta fara kashe manhajoji da kanta. Nan take zai ce yoyon memori ne, ya kwana neman inda ya manta kfree, wato inda bai mayar da memorin da ya karɓa ba. Sau da yawa babu wani yoyo. Abin da ya nema daban, abin da kanel ya yanka masa daban, kuma rarar da ke tsakani tana nan kwance ba mai mora.

Ba zan tsaya kan yadda ake haɗa kanel ba. Wanda bai iya wannan ba ya je ya koya tukuna, sannan ya dawo.

Ka haddace rukunan girma

kmalloc ba ya yanka daidai abin da ka nema. Yana da rukunai tsayayyu: bayit 8, 16, 32, 64, 96, 128, 192, 256, 512, 1024, 2048, 4096, 8192. Duk abin da ka nema, in bai yi daidai da wani rukuni ba, rukunin da ke sama da shi za a ba ka. Idan ka wuce 8192 a na'ura mai shafin 4096, sai a miƙa ka ga mai rabon shafuka (shafi shi ne yankin da ake kasa memori a kai, nan bayit 4096), shi kuma ninki-ninki yake bayarwa: shafi 1, 2, 4, 8, 16, 32. Ka rubuta waɗannan lambobi ka manna a bangon shagonka. Wanda bai san su da ka ba bai kamata ya taɓa lissafin bafa ba.

Ka auna kafin ka gyara

Kada ka buɗe fayil ko ɗaya sai ka ga lamba. Fara da slabtop, ko ka karanta /proc/slabinfo, ka ga rukunin da ya fi cin wuri. Wannan zai nuna maka cewa kmalloc-8k ya kumbura, amma ba zai faɗa maka wa ya kumbura shi ba. Don haka sai perf, kayan awo na Linux:

perf kmem record -- sleep 30
perf kmem stat --caller

Ka bar na'urar tana aikinta na gaske a cikin daƙiƙa 30 ɗin nan, ba tana zaune ba. Sakamakon zai jera kowane wurin da ya nemi memori, da abin da ya nema, da abin da aka ba shi, da kason da ya lalace a ƙarƙashin Frag. Idan kanel ɗinka 6.10 ne ko sama, kuma an kunna CONFIG_MEM_ALLOC_PROFILING, to /proc/allocinfo ya fi sauƙi, domin yana nuna abin da kowane layi ke riƙe da shi a yanzu.

Abu biyu a nan. Kada kaso mai girma ya ruɗe ka: wanda ya nemi bayit 9 aka ba shi 16 ya yi asarar kusan rabi, amma idan guda goma ne a raye, ƙyale shi. Asara ita ce rarar kowane ɗaya sau yawan waɗanda ke raye lokaci guda. Na biyu, ka kashe KASAN da slub_debug, masu farautar kurakuran memori, kafin awo, domin suna ƙara wa kowane abu nasu bayit ɗin, sai lambobin su yi maka ƙarya.

Inda kowa ke faɗuwa: ɗora kai a kan bafa cikakkiya

Nan ne zan daɗe, don nan ne matsalar take. Mai koyo yana son lamba mai kyan gani, sai ya ce bafarsa 4096 ce. Daga baya ya tuna yana bukatar ɗan kai a gabanta, wurin ajiye tsawo da alama, bayit 16 kacal. Sai ya rubuta kmalloc na 4096 da 16. Jimla 4112. Babu rukunin 4112, sai a ba shi 8192. Saboda bayit 16 ya zubar da 4080. Kamar ka cika danfo maƙil a Agege, fasinja ɗaya ya rage a ƙasa, ka ɗauko masa shatar wata danfon shi kaɗai.

Yanzu ka ninka. Zobe (jerin bafa da ake zagayawa a kansa) mai bafa 256, kowace 8192, megabayit 2 ke nan maimakon 1. Idan katin netwok ɗinka yana da irin wannan zobe guda 8, ka riƙe megabayit 16 a inda 8 ta isa. A sabar da kake haya da dala kana biya da naira, ko a rauta mai megabayit 64, wannan ba abin wasa ba ne.

Abin ya fi muni can sama. Kilobayit 64 da kai mai bayit 24 yana bukatar shafi 17. Babu ninkin 17, sai 32. An ba ka kilobayit 128. Kuma samun shafi 32 a jere a na'urar da ta daɗe a kunne wani aikin ne, wani lokaci ma a hana ka.

Maganin shi ne ka juya lissafin. Kada ka fara daga kaya ka ɗora kai. Ka fara daga rukuni ka cire kai. Wato ka ce zan nemi 4096 cif, kaina 16, saboda haka kayana 4080. A yawancin direbobi babu wanda ya damu ko bafa 4096 ce ko 4080. Idan kuwa na'urar da kanta ta wajabta 4096, kamar wasu masu DMA (masu karanta memori da rubuta shi kai tsaye ba ta hannun CPU ba), to ka raba su: kai ya tafi kmalloc-16 shi kaɗai, kaya su samu shafi guda. Nema biyu ne, kfree biyu ne, amma jimlarka 4112 ce ba 8192 ba. Ni kullum raba su nake cewa a yi idan bafar ta kai shafi.

Haka tarkon yake a roundup_pow_of_two. Mutum zai haɗa kai da kaya sannan ya ninka jimlar. A'a. Yawan gurabun zobe ne ke bukatar zama ninki, don a samu sauƙin zagayowa, ba jimlar bayit ba. Ka kuma sani kfifo_alloc da kansa yana ɗaga abin da ka ba shi zuwa ninki na gaba, don haka neman 1025 daidai yake da neman 2048.

Masu aikin katin netwok suna da nasu kan da ba sa gani. Kowace bafar skb, wato wadda kanel ke riƙe fakitin netwok a ciki, tana ɗauke da skb_shared_info a wutsiyarta, bayit 320 a x86 mai bit 64 idan ba a taɓa saitin ba. Firem, wato fakitin da kati ke karɓa, na yau da kullum bayit 1514 ne, da filin da ake bari a gabansa 64, a daidaita zuwa 1600, a ƙara 320, ya zama 1920. Ya shiga 2048 da kyar. Ka mayar da filin gaba 256 kamar yadda XDP (hanyar sarrafa fakiti tun a direba) ke so, jimla ta koma 2112, ka tsallake. Firem babba mai 9000 kuwa kai tsaye 16384 yake ci idan ka nema a dunƙule. Shi ya sa direbobin zamani ke tara shi a gutsattsarin shafuka ta page_pool.

Matse struct, amma ka duba ko ya biya

Shigar da kunshin dwarves ka samu pahole, wanda Arnaldo Carvalho de Melo ya rubuta. Ka ce pahole -C da sunan struct ɗinka, zai nuna maka duk gurbin da kompaila ya cusa don daidaita adireshi. Ƙa'idar sananniya ce, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Struct mai char, da pointa, da int, da wata pointa yana cin 32. Ka jera pointocin farko ya koma 24.

To amma 24 da 32 duk kmalloc-32 za su. Ka yi aikin banza. Matsewa tana da riba ne kawai idan ta sauko da kai ƙasan iyakar rukuni. Struct mai 520 shi ne abin farauta: yana cin 1024, ka samo bayit 8 ka cire ya koma 512. Idan akwai irinsa 100,000 a raye, ka ceto wajen megabayit 50 da gyaran layi biyu. Saboda haka ka nemi masu girman da ya ɗan leƙa sama da 96, 128, 192, 256, 512, ka bar sauran.

Idan ya ƙi matsuwa

Sai ka buɗe masa rumbunsa da kmem_cache_create, inda 520 zai zauna a 520. Kada ka saka SLAB_HWCACHE_ALIGN don kawai ka gani a wani direba, zai ɗaga shi zuwa 576. Kuma kada ka buɗe rumbu saboda abu hamsin, kowane rumbu yana riƙe shafukansa da ba su cika ba.

Ga manyan bafa, alloc_pages_exact zai ba ka shafi 17 ɗin nan ya mayar da ragowar 15. Idan ba ka bukatar shafukan su kasance a jere a zahiri, kvmalloc ya wadatar, sai dai ba a miƙa wa DMA abin da ya fito daga vmalloc kai tsaye.

Wasu kan ce tunda an ba ni rara bari in cika ta, sai su kira ksize bayan nema su rubuta har ƙarshe. Ka daina. Masu gadin iyakar bafa irin su FORTIFY_SOURCE abin da ka nema suka sani. Tun 6.1 akwai kmalloc_size_roundup: ka tambaye shi girman da za a ba ka, ka nemi wannan girman tun farko, sannan ka yi amfani da shi duka. Lissafin kansa kuma ka yi shi da struct_size ko kmalloc_array, kada ka ninka da hannu, don kada lamba ta zarce iyaka ta dawo ƙarama.

Daga nan ka sake haɗa kanel (ka tabbata inbata na da caji, kada wuta ta ɗauke a tsakiya), ka maimaita awon perf da aiki iri ɗaya da na farko. Kada ka rubuta 4096 a ko'ina, PAGE_SIZE za ka rubuta, domin arm64 na iya zuwa da shafin kilobayit 4, 16 ko 64, kuma Raspberry Pi 5 da 16 yake zuwa. Ka saka BUILD_BUG_ON a kan girman struct ɗin da ka matse, ta yadda duk wanda ya zo bayanka ya ƙara fili ya tsallake 512, kanel ɗin zai ƙi haɗuwa.