Yadda Ake Ɗauko Maganar Mutum Kafin a Ba Shi Amsa

A wani taron unguwarmu nan Sakkwato, wani dattijo ya ce a dakata da tara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse sai an girbe gero. Da wani matashi ya miƙe ba da amsa, sai ya ce, "Baba ya ce kada a tara kuɗi." Har aka kira magariba ana ta "ni ban ce ba." Ga yadda za ka kauce wa irin wannan, ko a taro ko a takarda.

Da farko, bari mai magana ya dire. Wanda ke shirya amsa tun ana tsakiyar zance, rabin maganar kawai yake ji.

Na biyu, tsamo gaɓar da za ka amsa kaɗai. Idan mutum ya yi minti 10 yana bayani, kada ka maimaita mana shi duka, ai muna wurin. Jimla ɗaya ko biyu sun isa.

Na uku, kuma nan ne aka fi yin ɓarna: kada ka yanke sharaɗi. Kalmomi irin su "idan", "sai dai", "har sai" su ne ke riƙe da ma'ana. Kowane ɗalibin zaure ya san misalin da malamai ke bayarwa daga aya ta 43 a Suratun Nisa'i: wanda ya karanta "kada ku kusanci salla" ya tsaya, bai ƙarasa da "alhali kuna cikin maye" ba, ya juya zancen gaba ɗaya. Haka aka yi wa dattijon nan, aka jefar masa da "sai an girbe gero." Ka ɗauko magana yadda mai ita ya faɗe ta, ba ragi, ba ƙarin gishiri.

Na huɗu, faɗi mai maganar, da girmamawar da ta dace da shi. "Allah gafarta Malam, ɗazu kun ce..." ya fi "wasu na cewa" nesa ba kusa ba. Wannan "wasu" ɗin habaici ne, kowa kuma ya san da wa ake.

Na biyar, raba maganarsa da taka. Malamanmu na da suna yin haka da kalma ɗaya: in sun gama ciro zancen wani malami sai su rubuta "intaha", wato ya ƙare, sannan su shiga nasu. Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya kawo wasiƙun Shehu al-Kanemi na Borno masu sukar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma kawo amsoshin da aka mayar masa. Abokin jayayya ne fa, amma an bar mai karatu ya ji ta bakinsa. Kai a taro ka ce, "Nan maganar Alhaji ta tsaya, ga tawa." A rubuce kuma ka sa alamar zance.

In batutuwa uku mai magana ya kawo, bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da amsarsa a gindinsa.

Idan kuwa kana shakkar abin da ka ji, juya ka tambaye shi, "Baba, haka kuka ce?" Ya gyaɗa kai, ci gaba. Ya gyara, ɗauki gyaran, ka amsa shi a kan wannan.