Shawara kan caja da soket ga masu shirin tafiya waje

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga masu shirin Umara, ko karatu, ko fatauci a waje, don Allah ku duba kan cajarku kafin ku ɗaure kaya. Saudiyya, Dubai da Ingila soket mai baki uku faffaɗa suke amfani da shi, irin na Najeriya. Amma 'yan uwanmu na Nijar da suka saba da mai baki biyu zagaye, irin na Faransa, sai sun nemi adafta. Amurka kuwa nata daban ne.

Abin da ya fi damuna shi ne, mutane da yawa suna ɗauka adafta tana canza ƙarfin wuta. Ba ta canzawa, bakin filogi kawai take daidaitawa. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 230. Ku karanta ƙananan rubutun da ke jikin caja: in kun ga 100-240V, ko'ina za ta yi aiki, kuma yawancin cajar waya da ta kwamfuta haka suke. Dutsen guga ko butar lantarki da aka yi don wutar Amurka kuwa, ana jona su a tamu za su ƙone.

Ku tafi da ekistenshan ɗaya mai kaurin waya. Adafta ɗaya a bango ta ishi wayoyin mutum huɗu, abin da ke hana rigimar soket a ɗakin Makka ko tantin Mina. Sai dai kada a ɗora wa ekistenshan ɗin hita ko buta, wayarsa za ta iya yin zafi har ta narke.

Fawa bank kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin awo ba.