Darasi na 7: Haɗa Sabulu da Kayan Tsafta a Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, babu abin da kuɗinsa bai tashi ba, har sabulu da omo. Su kuwa ba a iya haƙura da su. Gidan da ke da yara biyar ko shida, kullum ta Allah akwai wanki, akwai wanke-wanke, akwai wanka. Kuɗin ba ya fita a dunƙule, shi ya sa ba a ganinsa: ƙullin omo yau, guntun sabulu gobe, soso jibi. Sai an zauna an tara na wata guda ake sanin abin da ya tafi.

Amma tun farko ku san cewa ba duk abin da aka haɗa a gida ne ya fi na kanti araha ba. Riba tana wurin abin da dama yana cikin gidan, ko wanda ake zubarwa: toka, kitse, man da aka gaji da suya da shi. Wanda ya je kasuwa ya sayo sinadarai iri-iri don ya haɗa sabulun ruwa lita biyu kacal, sau da yawa da na kanti ya saya da ya fi masa sauƙi. Irin wannan sai mai sana'a, ko ƙungiyar da za ta haɗa kuɗi ta yi da yawa a raba.

Toka

Tokar itace da ta karan gero ko dawa tana cin maiƙo. Iyayenmu sun san haka tun kafin omo ya zo. A tankaɗe ta a cire gawayi, a jiƙa kaɗan, a goge tukunya ko kasko da ita, sannan a ɗauraye. Idan aka fara cire maiƙon da toka, sabulun da za a sa daga baya ɗan kaɗan ne. Kada a yi amfani da tokar da aka ƙona leda ko roba a cikinta.

Ana kuma tace ruwan toka. A huda gindin tsohon bokiti, a shimfiɗa tsumma, a cika da toka, a zuba ruwa a bar shi yana ɗiga cikin wani mazubi. Wannan ruwa yana da kyau wurin jiƙa tsumman kicin da ya sha mai. Yana da kaifi, yana busar da hannu, kuma yana cin tukunyar alminiyam idan aka bar shi ya kwana a ciki. Da shi ake dafa sabulun salo tare da man kaɗanya, sai dai ƙarfin toka ba ɗaya ba ne, ba a iya rubuta masa awo a takarda. Mai son koyon salo ta zauna kusa da tsohuwar da ta iya, ta ga yadda ake yi da idonta.

Ruwan wanke hannu

Sabulun da aka ajiye a bakin banɗaki ba ya daɗewa. Ko ya narke cikin ruwa, ko yara su yi wasa da shi, ko akuya ta ɗauke. Ga dabara mai sauƙi: a sami gorar ruwa mai cin lita ɗaya da rabi, a zuba omo gram 30, a cika da ruwa, a girgiza. A huda murfin da ƙusa. Mai wanke hannu ya matsa kaɗan a tafinsa, ya cuɗa, ya ɗauraye da ruwa mai tsafta. Masu bincike a ƙasar Bangladash sun gwada wannan haɗi, sun ga yana fitar da ƙwayoyin cuta daga hannu kamar yadda sabulu ke yi. A rataye gora ɗaya a bakin banɗaki, ɗaya a wurin girki, musamman da damina, lokacin da cutar amai da gudawa ke yawo.

Sabulun wanki na kitse

Wannan shi ne babban aikin darasinmu, kuma shi ne mai buƙatar natsuwa. Abubuwa uku ake buƙata: narkakken kitse kilo 1, sodar sabulu (wato caustic soda) gram 130, da ruwa gram 350, wato ya ɗara kashi ɗaya cikin uku na lita da kaɗan.

Kitsen shanu ko na rago duk suna yi. Bayan Babbar Sallah kitse yana yawa a gidaje, a wurin mahauta ma ba shi da tsadar nama. A yayyanka shi ƙanana, a sa a tukunya da ɗan ruwa, a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har ya narke. A tace da tsumma mai tsafta, a bar shi ya daskare, a zubar da ruwan da ya kwanta a ƙasa. Wannan tataccen ne za a auna kilo ɗaya, ba ɗanyen da aka kawo daga mahauta ba. Masu tuyar ƙosai da awara su ma kada su zubar da man gyaɗan da ya yi baƙi. A tace shi sosai, awon soda ɗaya ne da na kitse. Sabulunsa ya fi laushi kuma ya fi jimawa kafin ya bushe, don haka gara a haɗa rabi mai, rabi kitse. Wasu mayukan kuwa, irin su alayyadi da man kaɗanya, kowanne da nasa awon, kada a sauya su a kan wannan lissafi.

Awo da sikeli ake yi. Na san a kasuwa da gwangwani ake auna komai, amma soda wata ɓarzajjiya ce, wata kuma ƙanana-ƙanana, cikin gwangwani ɗaya nauyinsu ya bambanta. Idan soda ta yi yawa sabulu zai ci hannu ya cinye tufafi, idan ta yi kaɗan zai yi maiƙo ya yi wari. Ƙaramin sikeli mai nuna lambobi ya isa, kuma aji ɗaya na iya haɗa kuɗi su sayi guda su riƙa karɓa-karɓa.

A yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, lokacin da yara suke makaranta ko aka kai su maƙwabta. A sa safar hannu ta roba, da tabarau, da riga mai dogon hannu. A yi amfani da bokitin roba mai kauri da muciyar da ba za ta sake komawa tukunyar tuwo ba. Kada soda ta taɓa tukunyar alminiyam, tana cinye ta.

A fara zuba ruwan a bokiti, sannan a riƙa zuba sodar a cikinsa kaɗan-kaɗan ana juyawa. Soda ce ake zubawa cikin ruwa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, domin tana iya tafasa ta fantsamo a fuska. Ruwan zai yi zafi da kansa, ya yi tururi mai shaƙe mutum. A kau da kai, a bar shi ya huce har bayan bokitin ya zama ɗumi-ɗumi. Kitsen ma a narkar da shi ya zama ɗumi-ɗumi, a juye shi a wani bokitin roba. Sai a tsiyaya ruwan sodar cikin kitsen a hankali, ana juyawa ba tsayawa.

Nan ne ake gajiya. Juyawar na iya ɗaukar rabin awa, tana iya wuce awa guda. Ana ci gaba har haɗin ya yi kauri kamar kunun gyaɗa, idan aka ɗaga muciya abin da ya ɗiga ya bar shaida a sama kafin ya nutse. Wanda ya yi gaggawar juyewa kafin nan, zai tarar mai ya rabu ya taso sama. Idan ya yi kauri, a juye cikin kwalin da aka shimfiɗa wa leda, a rufe da tsohon zane. Bayan kwana ɗaya ko biyu a fitar a yanka, har yanzu da safar hannu. Wannan awo yana ba da sabulu goma sha biyu zuwa goma sha uku masu nauyin gram 100.

Sai a jera su a inuwa inda iska ke shiga, a bar su mako huɗu zuwa shida. Sabulun da ya bushe sosai ya fi tauri, kuma ba ya saurin ƙarewa a wurin wanki. Idan an yanka aka ga ramuka masu ruwa a ciki, ko aka gwada ya yi wa hannu zafi, haɗin bai yi ba, kada ya taɓa jikin kowa.

Soda da yara

'Yan uwa, wannan sashe ya fi duk abin da ya gabata muhimmanci. A asibitocin ƙasashenmu na Afirka ta Yamma ana kawo yara ƙanana da suka sha ruwan soda a gidajen da ake haɗa sabulu. Ruwan soda ba shi da launi, yaro mai jin ƙishirwa ba zai bambanta shi da ruwan sha ba. Kurɓa ɗaya tana ƙona maƙogwaro. Idan ciwon ya warke sai hanyar abinci ta tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko da koko, wani sai an yi masa aiki sau da yawa. Babu rarar kuɗin sabulu da ta kai wannan.

Saboda haka a sayi daidai sodar da za a yi aiki da ita a ranar. Kada a jiƙa ta a ajiye ta kwana. Kada a zuba ta a kofi, ko kwalbar lemo, ko gorar ruwa. Idan ta yi saura, a ɗaure ta cikin mazubi mai murfi, a rubuta GUBA da manyan baƙaƙe saboda manya, a kulle ta a akwati saboda yara.

Idan ta zuba a jiki, a cire tufafin, a yi ta kwarara ruwa a wurin na minti 20. Idan ido ne, a wanke haka nan sannan a tafi asibiti. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin za ta sake ƙona shi a hanyar fitowa. Kada a ɗura masa manja ko lemun tsami. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a gaya wa likita abin da ya sha.

Haka kuma bilic, irin su Hypo da Jik, ba a haɗa shi da komai sai ruwa. Idan ya gamu da ruwan wanke masai ko wani abu mai tsami, yana fitar da iska mai guba wadda ke kama ƙirji, balle a cikin banɗakin da ba shi da taga.

Soso da randa

Soso shuka ne, ba sai an saya ba. A shuka 'ya'yansa a gindin danga da farkon damina, zai hau da kansa. Idan ya bushe a ɓare, a kakkaɓe 'ya'yan a ajiye na baɗi, a yanka gida-gida, na wanka daban, na kwanuka daban.

Akwai kuma firjin da ba ya buƙatar wuta. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi aikin koyarwa a Jihar Jigawa, shi ya yaɗa shi a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ƙasa ce ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar tukunyar shi ke janye zafi daga ta ciki. Tumatir da tattasai da yalo suna ƙara kwanaki masu yawa ba su ruɓe ba. Ya fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe.

Aikin gida

Ku buɗe sabon shafi a littafinku, ku ja layi a tsakiya. A hannun dama ku rubuta kuɗin kitse kilo 1, da na soda gram 130, da na itacen da aka narkar da kitsen, ku tara su, ku raba jimlar gida 12. A hannun hagu ku rubuta kuɗin sabulun wanki guda ɗaya a shagon unguwarku. Ku zo da shafin aji na gaba, tare da amsar waɗannan tambayoyi a rubuce: Me ake fara zubawa a bokiti, ruwa ko soda? Idan yaro ya sha ruwan soda, waɗanne abubuwa biyu ne ba a yi masa?