Yadda ake kasa kunne a wayar RS-232 idan tsohuwar manhaja ta ƙi sabuwar kwamfuta

Wata masana'antar casar shinkafa ce ta kira ni a kan sikelinsu na auna manyan motoci. Kwamfutar da ke karɓar nauyi tun zamanin DOS take, ta fara kashe kanta da rana tsaka, sai suka sayo wata mai ƙarfi suka kwafe manhajar a kai. Manhaja ta buɗe lafiya lau, amma gurbin nauyi ya tsaya a sifili, ga tirela cike da shanshera a kan sikeli. Mai wurin har ya fara cigiyar kuɗin sabon sikeli. Sikeli kuwa lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta rasa haƙurin jiran amsa.

Yawancin manhajojin wancan lokaci ba sa duba agogo idan za su jira. Ƙirge suke yi, a ce daga ɗaya zuwa dubu goma, sannan su duba ko amsa ta iso. A kan tsofaffin kwamfutoci irin 386 ko 486 wannan ƙirgen yana ɗaukar lokaci, a sabuwar kwamfuta kuwa kafin ƙiftawar ido an gama. Sanannen misali shi ne manhajojin da aka rubuta da Turbo Pascal 7: suna ƙirga zagaye nawa za su yi a cikin milisakan 55, su raba da 55, kuma dole sakamakon kada ya wuce 65,535. Da saurin kwamfuta ya haura wajen megahaz 200 sai lissafin ya fashe, allo ya nuna "Runtime error 200". Wannan ma da sauƙi, tunda ya yi ihu. Mai wahalar shi ne wanda ke yin shiru, kuma shi ne ke sa dole ka saurari wayar RS-232, wadda ke haɗa kwamfuta da na'ura irin sikeli, da kanka.

Fara da tsohuwar kwamfutar

Muddin tana iya tashi ko da na minti goma ne, kada ka bari a jefar da ita. Zancen da take yi da na'urar shi ne ma'auninka. Ka ɗauke shi tukuna, sannan ka ɗauki na sabuwar, ka jera su.

Haɗa wayar sauraro

Kana buƙatar laftof ta uku, adafta biyu na USB zuwa RS-232, da guntuwar waya mai kan DB-9 namiji da mace da za ka saka a tsakanin kwamfuta da na'ura. A kan DB-9 na kwamfuta, fil na 3 ne ke aikawa, na 2 ke karɓa, na 5 kuma shi ne ƙasa. Ka jawo reshe daga fil na 3 zuwa fil na 2 na adafta ta farko, wannan zai jiyo maka abin da kwamfuta ke faɗa. Wani reshen daga fil na 2 zuwa fil na 2 na adafta ta biyu, shi ne amsar na'ura. Fil na 5 ka haɗe su gaba ɗaya.

Fil na 3 na adaftocin sauraro kada ka taɓa shi. Mai satar ji ba ya tari. Idan ka haɗa shi, baki biyu za su yi magana a waya ɗaya, ka ɓata abin da ka zo aunawa. Kuma ka zare cajar laftof ɗin ta yi aiki da batir, musamman inda ake kan janareta, don bambancin wuta tsakanin ƙasan na'urori biyu yana ƙona adafta.

Buɗe manhajar RealTerm, mai nuna abin da ke wucewa a waya, sau biyu, kowace da tata COM, wato lambar da Windows ke ba kowace adafta, ka sa ta nuna bayanan da lambobin heks, ka kunna ajiyewa a fayil. Idan tarkace kake gani, saurin layin ne bai dace ba. Gwada 9600 da bit 8 babu fariti (bit ɗin gano kuskure), sannan 2400 da 1200. Sikeli da yawa suna amfani da bit 7 da fariti na cika.

Auna lokaci, nan aikin yake

Adaftar USB za ta gaya maka abin da aka faɗa, amma ba ta da gaskiya a kan yaushe aka faɗa. Masu guntun kamfanin FTDI a ciki, misali, suna tara bayanai har milisakan 16 kafin su miƙa. A saurin 9600 bayit ɗaya milisakan ɗaya da ɗan ɗoriya yake ɗauka, ka ga tazarar da kake nema tana iya ɓacewa a cikin wannan jiran.

Maganin shi ne ƙaramar na'urar nazarin sigina mai layi 8 da saurin megahaz 24, wadda ke aiki da manhajar PulseView ta kyauta. Sai dai a yi hattara. RS-232 yana hawa da sauka tsakanin folt 3 zuwa 15, sama da sifili da ƙasa da shi, ita kuwa na'urar folt 5 ne iyakarta. Buɗe akwatin na'urar da kwamfuta ke magana da ita, ka nemi guntun MAX232 mai sauya ƙarfin wutar siginar ko ɗan'uwansa, ka kama siginar ta ɓangaren da ke da ƙaramar wuta. Idan layin farko na guntun aka yi amfani da shi, ƙafa ta 11 da ta 12 ne, ƙasa kuma ta 15. Zaɓi mai fassara UART, wanda ke mayar da sigina bayit-bayit, a PulseView. Nan ma za ka tabbatar da saurin layi ba da canki-canka ba: auna bugu mafi ƙanƙanta, idan maikurosakan 104 ne to 9600 ne, idan 417 ne 2400.

A wajen sikelin nan, da na jera hotunan biyu ko yaron da ke riƙe mini tocila ya gane. Tsohuwar kwamfuta takan aika tambaya, ta yi shiru, sikeli ya zubo amsarsa har ƙarshe. Sabuwar kuwa tana aika tambaya, sikeli bai kai bayit na uku ba ta sake jefo wata, ta sake, kamar mai buga ƙofa da ba ya jiran a ce wane ne.

Abubuwa uku nake dubawa a irin wannan hoto. Ko kwamfuta na katse na'ura kafin ta gama amsa. Ko bayit-bayit ɗin da a da ke fita da 'yar tazara yanzu sun manne da juna, wanda ma'ajiyar bayit 16 ta guntun 16550A mai kula da COM kan jawo, tsohuwar na'ura kuma ta kasa haɗiya. Sai kuma fil na 4 da na 7, wato layukan ba da alama na DTR da RTS: wasu na'urori daga nan suke shan wuta, tsofaffin kwamfutoci na ba da kusan folt 12, adaftar USB kuwa sau da yawa rabin haka. Mita kawai za ka ɗora. Idan layin RS-485 ne, ɗan'uwan RS-232, mai tsarin saƙo na Modbus RTU, shirun da ke raba saƙo da saƙo tsawon harafi uku da rabi ne, kusan milisakan 4 a 9600, kuma RTS ne kan juya layin daga magana zuwa sauraro. Sauya adafta zuwa mai juya kanta yakan kashe wannan rigimar.

Rage wa manhajar gudu

Windows mai bit 64 ba ya buɗe manhajar DOS sam, don haka DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar DOS, ne hanya, kuma shi ke ba ka linzami. A fayil ɗin saitinsa rubuta cycles=fixed 3000, sannan serial1=directserial realport:COM3, ka sa lambar COM ɗinka a gurbin 3. Ctrl da F11 na rage gudu, Ctrl da F12 na ƙarawa. Idan adaftar FTDI ce, shiga Device Manager, Port Settings, Advanced, ka mayar da Latency Timer daga 16 zuwa 1. Ni dai na fi son katin COM na gaske da ake sokawa a cikin kwamfuta idan akwai gurbi.

Kada ka cire wayar sauraro tukuna. Ka riƙa motsa gudun kana kallon PulseView har tazarar ta yi kama da ta tsohuwar kwamfuta, sannan ka ƙara ragewa kaɗan don a sami rara. A masana'antar nan sai da muka hau da tirela uku muka sauke, nauyin allo na dacewa da na kan sikeli, kafin na naɗe wayoyina. Lambar gudun da ta COM na rubuta su a takarda na manna a jikin kwamfutar, fayilolin sauraron kuma na bar wa akawunsu kwafi a filashi.