Yadda ake zama gwanin jagoran waƙa a rok da pop

A ƙungiyar rok ko pop, mai jita zai iya taɓa tsirkiyar da ba ita ba, a wuce ba wanda ya ankara. Mai riƙe da makirufo kuwa ba shi da maɓoya: ido a kansa, kunne a kansa. Abin da ake nema gare shi shi ne muryar da za a gane daga baitin farko, wadda za ta kai ƙarshen wasan daren yau, gobe ma ta tashi lafiya.

Fara da muryar da kake da ita

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Muryar Bob Dylan kaushi gare ta, ta hanci take fita, amma da ya buɗe baki an san shi ne. Tina Turner ma da ɗan dusashin muryarta ta yi suna. Kwaikwayon gwanaye yana da amfani wajen koyo, sai dai wanda ya tsaya a nan, iyakarsa a ce "ya yi kama da wane".

Ɗauki waƙa ɗaya ka naɗa ta a waya sau uku: a matakin sautin da aka saba rera ta, sannan ka sauke ta mataki ɗaya, sannan mataki biyu. Saurara washegari, ba nan take ba. Inda kalmomi suka fita tas, wuya bai ɗaure ba, nan ne gidanka, kuma nan makaɗa za su ɗora waƙar. Sauke waƙa ba abin kunya ba ne. Makaɗin jita Jimi Hendrix da ƙungiyar Guns N' Roses sun saba sassauta tsirkiyoyin jitarsu da rabin mataki. Ka auna waƙa da wurin da sautinta ya fi tashi sama, yawanci amshin ƙarshe, kuma ka auna ta da ranar da ka gaji. Sautin da sai da sa'a kake kai masa, kada ka gina amshi a kansa.

Numfashi da jimla

Ɗora hannuwa a ƙasan haƙarƙari ka shaƙi iska kana ƙirga huɗu. Haƙarƙari da ciki ne za su buɗe, idan kafaɗu suka ɗaga to iskar a sama ta tsaya. Saki iskar a hankali da sautin "sss" har daƙiƙa 20, daga baya ka kai 30. Amfanin wannan shi ne iska ta riƙa fita daidai wa daida. Mai tura ta gaba ɗaya a farkon baiti, kafin ƙarshensa ta ƙare, sai maƙogwaro ya ɗauki aikin, sautin ya zame ƙasa.

Rubuta baitocin a takarda, ka sa alama duk inda za ka numfasa. Kada numfashi ya raba kalma gida biyu. A kowane layi zaɓi kalma ɗaya da za ta ɗauki nauyi. A nan ne ake bambanta mai rera waƙa da mai isar da ita, domin wanda ya danna kowace kalma da ƙarfi ɗaya bai faɗi komai ba. Haka ma ƙarfin murya: idan ka fara baitin farko da duk abin da kake da shi, amshi ya zo ba ka da abin ƙarawa. Kwalliyar murya, wato lanƙwasa sauti ɗaya ya zama goma, a waƙa ɗaya sau biyu ta isa.

Makirufo da jin kanka

Makirufon da aka fi gani a dandamali shi ne Shure SM58, wanda ya fito tun 1966. Irinsa daga gaba yake ɗaukar sauti, yana ƙin na baya. Riƙe shi santimita 2 zuwa 5 daga baki. Kusantarsa tana ƙara wa murya kauri, abin da ke yi wa baiti mai sanyi kyau. In za ka ɗaga murya, ja shi baya kamar santimita 15, ka dawo da shi kafin sautin ya mutu. Idan "b" da "p" suna bugun lasifika, karkatar da shi kaɗan gefen baki.

Kada ka dunƙule kan makirufo da tafin hannu, ko da ka ga ana yi. Yin haka yana toshe ƙofofin bayan kan, sai ya koma ɗaukar sauti ta ko'ina, murya ta toshe, lasifika ta fara wannan ƙara mai soke kunne. Kada kuma ka nuna shi ga monita, wato lasifikar da ke ƙasa tana fuskantarka.

Yawancin kaucewar murya a dandamali rashin jin kai ne ke kawo ta. Ƙungiyar Beatles ta daina yawon wasa a 1966, kuma cikin dalilan har da ihun jama'a da ya hana su jin abin da suke kaɗawa. A lokacin gwajin sauti, rera waƙar da ta fi ƙarfi da cikakkiyar murya, makaɗa duka suna kaɗawa. In ba ka jin kanka, ka fara neman a rage jita kafin ka nemi a ƙara maka. Mai amfani da monitar kunne, wato 'yan lasifikan da ake sawa a kunnuwa, kada ya cire ɗaya ya bar ɗaya, don zai ƙara ƙarar ta ɗayan ba tare da ya sani ba. Ƙara mai ƙarfin desibel 100, minti 15 ne kunne ke ɗaukarta lafiya a rana, kuma dandamalin rok yakan kai haka.

Jama'a da abokan kiɗa

Ranar 13 ga Yuli 1985, a wasan tara kuɗin agaji na Live Aid a filin Wembley na Landan, kimanin minti 20 aka ba ƙungiyar Queen. Jagoran waƙarta, Freddie Mercury, ya ware wani ɓangare na lokacin yana jefa wa mutum kusan 72,000 gajerun sautuka suna amsa masa, ba kiɗa. Dabarar ita ce ya fara da mai sauƙi, yana ƙara masa wuya sannu a hankali. Yi haka ko da mutum 50 ne a gabanka: ba su abin da za su iya maimaitawa a jin farko, ka nuna musu da hannu lokacin shiga. Kalli na can baya, kada ka runtse ido waƙa guda sukutum. Magana tsakanin waƙoƙi kada ta wuce rabin minti. Idan baiti ya ɓace maka, maimaita wanda ya gabata da fuska a sake, kaɗan ne za su gane.

Ku tsayar da alamu da mai ganga tun a wurin gwaji: hannu sama a maimaita amshi, dunƙulallen hannu a tsaya. Idan mai jita ya shiga nasa kiɗan, ja da baya ka ba shi fili. Wajen jera waƙoƙi, kada masu cin murya uku su biyo juna, kuma kada mafi wuya ta zo farko.

Kula da maƙogwaro

Igiyoyin murya wasu 'yan tantani ne biyu da ke haɗuwa suna rabuwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, sau 440 a sautin da makaɗa ke daidaita kayansu da shi. Ka ɗumama su minti 10 zuwa 15 kafin hawa: gunji baki a rufe, karkaɗa leɓɓa da iska, sannan hawa da sauka a hankali. Ruwan da ka sha ba ya bi ta kansu, sai ya ratsa jiki, don haka tun da rana ake sha. Sigari da giya suna busar da su. Hira da ƙarfi cikin hayaniya bayan wasa takan yi ɓarnar da waƙar ba ta yi ba, raɗa ma wahalar da su take yi.

Kururuwar rok da dabara ake yin ta, a hannun malamin murya. Idan ta yi zafi ko ƙaiƙayi, an yi ta ba daidai ba, a tsaya. Mawaƙiya Adele ta soke wasanninta a 2011 saboda jini da ya fita a igiyar muryarta, sai da aka yi mata tiyata a Boston. Idan murya ta ɗauke farat ɗaya kana cikin waƙa, ka yi shiru ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ba tare da jira ba. Dusashewar da ta wuce mako biyu ita ma a kai masa ya duba.