Yadda Ake Sayen Tsohuwar Motar Ɗaukar Dawaki da Yadda Ake Riƙe Ta

A Birtaniya akwai kasuwa guda ta tsofaffin manyan motocin ɗaukar dawaki. Akasarinsu ba don doki aka ƙera su tun farko ba. Motocin dakon kaya ne da suka gama yi wa kamfanoni aiki, aka sauke akwatinsu, aka ɗora bodi mai ɗakin dawaki a baya da ɗan wurin kwanan mutane a gaba. Saboda haka kowace irin wannan mota shekaru biyu gare ta: shekarun shasi da injin daban, shekarun bodi daban. Mai sayarwa zai fi son ya nuna maka sabon fenti da kujeru masu laushi. Kai kuwa abu biyu za ka sa a gaba: nauyin da motar za ta iya ɗauka, da daɓen da dokinka zai tsaya a kai.

Mataki na 1: Duba lasisinka kafin ka duba mota

Wanda ya ci jarrabawar tuƙin ƙaramar mota a Birtaniya kafin 1 ga Janairun 1997 yana da izinin C1, wato zai iya tuƙa mota har mai tan 7.5. Wanda ya ci bayan wannan rana iyakarsa tan 3.5, sai ya yi gwajin lafiya da wata jarrabawar. Abin da ya haura tan 7.5 kuma sai lasisin C. Wannan ne ya raba kasuwar gida biyu: ƙananan motoci masu tan 3.5 da aka gina kan Renault Master ko Vauxhall Movano, da manya masu tan 7.5 irin su Leyland DAF 45, DAF LF45, Iveco Eurocargo, MAN, Mercedes 814 da Atego, har da tsohuwar Ford Cargo da ta fito a 1981. Ƙananan sun fi tsada idan aka yi la'akari da girmansu, don kowa na iya tuƙa su.

Mataki na 2: Kai ta sikeli

Nan ne masu saye suka fi faɗawa rami. Idan an ce mota mai tan 7.5 ce, ana nufin ita da duk abin da ke cikinta kada su wuce kilo 7,500. Ba a nufin za ta ɗauki kayan tan 7.5. Wurin kwana, bandaki, firji, tankin ruwa, katakon ado, duk suna cin rabon doki.

Ga lissafi. A ce an auna motar da cikakken tankin mai, ba kowa a ciki, ta ba da kilo 6,200. Saura 1,300. Dawaki biyu masu kilo 550 kowanne sun cinye 1,100. Direba da abokin tafiya, 150. Ruwa lita 100 kilo 100 ne cif. Sirdi biyu da linzami da ciyawa da abinci, a ce 80. Jimla 1,430. Ka wuce ƙa'ida da kilo 130, alhali motar ɗaki uku gare ta kuma dawaki biyu kawai ka saka. Yawan ɗakuna ba ya nuna yawan dawakin da doka ta yarda ka ɗauka. A ƙananan motoci masu tan 3.5 abin ya fi tsanani: da yawa ɗaki biyu ne, amma babban doki ɗaya ne iyakarsu.

Kada ka karɓi "kusan tan biyu" daga bakin mai sayarwa, kuma kada ka yarda da tsohuwar takardar awo, domin wasu kan cire shingaye da tabarmin roba kafin a auna. Ku je sikelin manyan motoci tare, a auna ta a gabanka da komai nata a jiki. A auna ƙafafun gaba daban, na baya daban, saboda kowannensu na da iyakarsa a rubuce jikin farantin da ke cikin kan motar. Dawaki a baya suke tsayawa, don haka ana iya lodin ƙafafun baya fiye da kima ko da jimlar nauyin bai wuce ba. Jami'an DVSA, hukumar da ke duba motoci da direbobi a Birtaniya, na tsayar da irin waɗannan motoci a hanya, su ci tara, su hana motar motsawa sai an rage kaya. Ka kwatanta kanka a gefen babbar hanya da doki ana cewa a sauke shi.

Mataki na 3: Takardu

Ka ga takardar rajistar mota ta V5C, ka gwada lambar shasin da ke cikinta da wadda ke jikin ƙarfen. Motar da ta haura tan 3.5 ana yi mata gwajin shekara-shekara na manyan motoci a ƙarƙashin DVSA, kuma ana iya duba tarihin gwajin ta intanet da lambar motar. Karanta gargaɗin da aka yi ta maimaitawa: idan shekara uku a jere ana rubuta tsatsa a wuri ɗaya, ba a gyara ba ke nan. Amma ka riƙe wannan da kyau: gwajin nan birki da taya da fitila da shasi yake dubawa. Ba ruwansa da ƙarfin daɓen da doki ke tsayawa a kai. Mota na iya cin gwaji jiya, ƙafar doki ta burma yau.

Mataki na 4: Daɓe

Ka zo da tocila, da doguwar sukundireba, da kayan da ba ka jin tsoron su yi datti. Ka ce a ɗage tabarmin roba duka, ba kusurwa ɗaya ba. Mai sayarwar da ya ƙi, ya ba ka amsa ke nan.

Fitsarin doki ne ke kashe daɓe. Yana bi ta gefen roba ya kwanta a ƙasa, ba iska ba rana, katako ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali samansa na nan lafiya. Ka soka sukundireba da ƙarfi a gefen bango, da kusurwoyi, da inda ƙafafun bayan doki ke tsayawa, da kewayen kowace ƙusa. Katako mai lafiya zai ƙi. Ruɓaɓɓe zai karɓe ta kamar soso. Baƙin tabo da warin ruɓa alamu ne. Idan ka ga an shimfiɗa sabon falanki a kan tsohon, to an rufe ciwo ne ba a warkar ba, kuma an ƙara wa motar nauyi.

Daɓen alminiyam ya fi, amma shi ma ba a sake masa ido. Inda ya haɗu da baƙin ƙarfe, musamman in akwai danshi, yakan ci kansa: za ka ga farin gari da ƙananan ramuka kewayen noti. Idan roba manne take da daɓen ba ta ɗaguwa, ka bi gefenta ka ga ko ta tsage, sannan ka dogara da abin da za ka gani daga ƙasa.

To sai ka kwanta ka shiga ƙarƙashi. Daɓen yana zaune ne kan ƙarafan da suka gitta shasi. Ka ƙwanƙwasa kowanne da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai kyau zai yi ƙara tas, wanda tsatsa ta cinye zai yi ƙara a dushe yana zubar da ɓawo. A lokacin sanyi ana zuba gishiri a titunan Birtaniya don narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa abokin tsatsa ne. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne.

Mataki na 5: Ƙofar hawa da shingaye

Ƙofar baya da ke saukowa ta zama gadar hawan doki ita ma katako ce a ƙarƙashin roba, kuma ta fi kowane sashe shan ruwan sama. Ka soke ta, ka hau ka yi tsalle a tsakiyarta, ka duba maƙalanta na ƙasa da sifirin da ke taimakon ɗaga ta. Mutum ɗaya ya kamata ya iya rufe ta ba tare da nishi ba. In sai mutum biyu, ko dai sifirin ya mutu ko katakon ya sha ruwa. Wannan ƙofa in ta kuɓuce tana karya mutum.

Ka girgiza shingayen da ke raba dawaki, ka tabbata sakatunsu na buɗewa da hannu ɗaya. Ka tambayi abin da ke cikin bangon da ya raba dawaki da mutane. Falanki kawai ba zai tare doki mai rabin tan ba idan aka taka birki da ƙarfi, sai da ƙarfe a ciki. Tsayin ɗaki ga babban doki kada ya gaza mita 2.3. A ƙananan motocin da doki ke fuskantar baya, an sha samun doki ya haura sandar da ke gaban ƙirjinsa ya maƙale, don haka ka nemi wadda sandarta ke kwancewa daga waje, ko wadda aka toshe wurin gaba ɗaya.

Mataki na 6: Injin, birki, taya

Ka roƙi kada a tayar da motar kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyinsa. Shuɗin hayaƙi, tana cin baƙin mai. Baƙi, matsalar mai ko iska. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Kilomita masu yawa ba abin tsoro ba ne ga waɗannan injuna. Zama wuri ɗaya ne ke lalata su.

Tambaya mai muhimmanci: kan motar yana kifuwa gaba? Injin a ƙarƙashinsa yake, kuma masu ƙera bodi da yawa sun like kan da bodin, suka bar 'yar taga kawai. Aikin awa ɗaya sai ya zama na yini, kuɗin makanike ya ninka. Ka kuma duba mahaɗar kan da bodi ko tana yoyo.

Ka kalli agogon iskar birki: cikin 'yan mintoci ya kamata ya cika, ƙarar gargaɗi ta ɗauke. Kashe injin ka saurara ko iska na tsiyaya. Ja zoben da ke ƙasan tankin iska. In ruwa mai yawa ko mai ya fito, akwai gyara a gaba.

Tayar motar dawaki ba ta cika suɗewa ba, tsufa take yi. A gefenta akwai lambobi huɗu: 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Tun 1 ga Fabrairun 2021 doka ta hana sa tayar da ta haura shekara 10 a ƙafafun gaban motar da ta wuce tan 3.5. Ka leƙa tayoyin baya na ciki, su ake mantawa da su. Daga nan ka tuƙa ta aƙalla rabin awa, har da hawa tudu, ka kuma biya makaniken manyan motoci ya sake dubawa.

Bayan ta zama taka

Bayan kowace tafiya a kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Duk wata a ɗage roba, a wanke, a bar ƙofa buɗe har daɓen ya bushe. Ko ba tafiya, a fita da motar duk mako ɗaya ko biyu ta yi kilomita 20 zuwa 30, domin birki kada ya kame, batir kada ya mutu. Akasarin manyan batir biyu suke amfani da su masu ba da bolt 24. A sa makunnin da ke yanke wuta gaba ɗaya idan an ajiye ta. A ajiye ta kan siminti ko tsakuwa, ba kan ciyawa ba, don danshin ƙasa na hawa shasi. A canza baƙin mai da matatai duk shekara ko da ba ta yi nisa ba. In akwai murhun gas a wurin kwana, ƙwararre ya duba shi, a kuma sa na'urar gargaɗin iskar guba.

Inshorar lalacewa a hanya dole ta haɗa da kwashe dawaki, domin motar janwe ba ta jan mota da doki a ciki haka kawai. Fasfon kowane doki, wato takardar shaidarsa, ya bi shi. Idan ka fara karɓar kuɗi don ɗaukar dawakin wasu, ka fita daga sahun masu nishaɗi, sai da lasisin sufuri. Mai shiga Landan kuma ya sani, tun Maris 2021 babbar motar da injinta bai kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro VI ba tana biyan fam 100 ko 300 a kowace rana, gwargwadon tsufanta.

Ga mai son kawo ta gida

Masu dawakin folo da ke zirga-zirga tsakanin Kaduna da Katsina da Kano, da masu kai dawaki hawan sallah, suna iya sha'awar irin wannan mota. Ta Birtaniya sitiyarinta a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma hukuma ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba. Juya sitiyarin babbar mota mai birkin iska aiki ne mai haɗari, gara a nemo ta Jamus ko Holan ko Beljiyam. Tsohon injin da ba shi da tarkacen kwamfuta ya fi jure man dizal ɗinmu, kuma Mercedes da DAF da MAN sun fi sauƙin samun makanike da kayan gyara.

An ƙera bodin ne don ƙasar sanyi, tagoginsa ƙanana. A zafin Maris da Afrilu rufaffen akwati na iya galabaitar da doki cikin ɗan lokaci, don haka a ƙara tagogi masu sanduna da mafitar iska a rufi, a shafa wa rufin farin fenti, a yi tafiya da asuba ko da dare, a tsaya ba da ruwa duk bayan awa uku zuwa huɗu. Sannan shingayen Turai an yi su ne don goɗiyoyi da dandaƙaƙƙun dawaki. Namu akasari ingarmu ne masu cizo da harbi, saboda haka a ɗaga shingen ya rufe har kai, a kuma sauke shi kusa da daɓe da roba mai kauri yadda kofato ba zai shiga ƙarƙashi ba.